Awon tangaɗi: daga likitan Berlin zuwa tashar kabu-kabu



Akwai wata magana da kowa ya saba ji a tasha, a gona ko a bakin kasuwa: «Ni tramol ba ta taɓa ni, garau nake.» Mai maganar yakan miƙe ya yi taku biyu ko uku don a shaida. In ka dube shi kuwa, ba ya layi, ba ya taga-taga, har kana iya hawa bayan babur ɗinsa da zuciya ɗaya. To wannan gardama ba a garinmu aka fara ta ba. Kusan shekara 180 kenan likitoci ke fama da ita, kuma abin da suka yi a hankali shi ne suka daina dogara da bakin wanda ya sha maganin, daga baya suka daina dogara da idon mai kallo, suka koma awo. Tarihin wannan awo muke so mu kawo muku yau, don ya shafi wanda ke tuƙa mu, ya kuma shafi tsoffinmu da ke gida.

Da farko, babu ɗan Adam da ke tsayawa cik kamar turke. Ko soja a fareti jikinsa na rangaji kaɗan-kaɗan, gaba da baya, hagu da dama, ƙwaƙwalwa na maido shi tsakiya ba tare da ya sani ba. Wurare uku take samun labari: ido, da can cikin kunne inda akwai wasu ƴan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, sai kuma jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi masu gaya mata inda ƙafa ta taka. Kamar duwatsun murhu ne guda uku. Bambancin kawai, tukunya ba ta zama a kan dutse biyu, amma jiki yana iya lallaɓawa da biyu har ya ɓoye cewa na ukun ya lalace. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa ya rataya.

A watan Janairu na 1851 Baturen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdul Karim, ya sauka Tasawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Daga jami'ar Berlin ya fito. A wannan jami'a, a wannan zamani, akwai wani malamin likitanci mai suna Moritz Romberg, wanda ya kammala babban littafinsa kan cututtukan jijiya a 1846. Romberg ya lura da masu tsohon tunjere da ciwon ya ci musu laka. Da rana suna tafiya, ko da ƙyar. Amma in ya ce su haɗa ƙafafu su rufe ido, nan take sai su fara tangaɗi, wasu har su zube. Jijiyoyin ƙafa sun daɗe da mutuwa, ido ne ke rufa musu asiri. Da aka ɗauke dutse na biyu sai tukunya ta kife. Har gobe sunansa gwajin ke ɗauke da shi, kuma duk majon CSI da ya yi lakwal ɗin lafiya a Damagaram ko Yamai ya karanta shi.

Sai dai gwajin Romberg na ido ne: ya faɗi ko bai faɗi ba. Wajen 1860 wani Bajamushe, Karl Vierordt na garin Tubingen, ya ce a'a, a bar jiki ya rubuta da kansa. Ya kafa ɗan buroshi a ƙoƙuwan kan mutum, ya rataya farantin gilashi da aka shafe da baƙin hayaƙi a samansa. Mutum na tsaye yana rantsuwa bai motsa ba, buroshi kuwa ya cika gilashi da zane kamar sawun tururuwa.

A 1922 Walter Miles, a birnin Boston na Amurka, ya ƙera na'urar da ke ba da lamba. Hula ce da zare huɗu, gaba, baya, hagu, dama, kowane zare na juya ƴar ƙafa mai ƙirga milimita. Lokacin Amurka ta haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933, ana ta musu ko kofi ɗaya na cutarwa, shi ya sa giya ce abu na farko da aka fi aunawa da irin waɗannan na'urori. A 1943 Leonard Goldberg, a ƙasar Suwidin, ya yi aikin da ya fi kusa da gardamarmu ta tasha. Ya tara waɗanda ba su sha, da masu sha jefi-jefi, da mashaya na gaske, ya ba su giya, yana auna jininsu yana auna tsayuwarsu. Ya samu cewa sabo gaskiya ne: mashayi sai jininsa ya ɗauki fiye da na baƙon sha kafin tangaɗinsa ya bayyana. Amma yana bayyana. Sabo ɗaga iyakar kawai ya yi, bai share ta ba. Mai cewa «na saba» yana da rabin gaskiya, kuma wannan rabin shi ke sa shi ƙara yawan abin da yake haɗiya har ya cim ma iyakar tasa.

Daga nan na'urori suka yi ta sauƙi. A 1971 wani likitan Ingila, Wright, ya fito da akwati mai zare ɗaya da ake ɗaura ma mutum a ƙugu. Irin wannan zare har yanzu ana aiki da shi a cibiyar gwajin magunguna ta Leiden a ƙasar Holan: kafin sabon maganin barci ko na ciwo ya shiga kasuwa, sai a ba masu sa kai, su tsaya minti biyu ido rufe, a ƙirga milimita nawa suka yi rangaji, a kwatanta da ranar da aka ba su ƙwayar da babu magani cikinta. Faransawa kuma suka fi son faranti mai awon nauyi da ake tsayawa a kai, wanda ke bin inda nauyin jiki ke sauka tsakanin ƙafafu. A 1985 ƙungiyarsu ta masana tsayuwa ta tsai da ƙa'ida: sakan 51,2 ake aunawa. Mai lafiya, ido buɗe, duk rangajinsa cikin fili kamar santimita ɗaya murabba'i yake, wato kamar faɗin farcen yatsa. To ku duba. Wannan fili na iya ninkawa biyu ko uku saboda magani, kuma babu idon da zai gani daga nesa. Shi kansa mai jikin bai ji ba.

Amma jandarma a bakin hanya ba shi da faranti. Shi ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ba wasu masana biyu na Kalifoniya, Marcelline Burns da Herbert Moskowitz, aikin tace gwaje-gwajen da ƴan sanda ke yi da ka. Rahotanninsu na 1977 da 1981 suka bar guda uku. A bi alƙalami da ido, ɗan sanda na duba ko ƙwayar ido na fizga in ta kai gefe. A yi taku tara a kan miƙaƙƙen layi, dunduniya na taɓa yatsu, a juyo a yi tara. A ɗaga ƙafa ɗaya kamar santimita 15 daga ƙasa ana ƙirga har sakan 30. Abin da ya burge mu da wannan aiki shi ne sun faɗi iyakarsa da bakinsu. A gwajin 1981, na ido ya dace da awon jini kashi 77 cikin 100, na taku kashi 68, na ƙafa ɗaya kashi 65. Kenan in da tsayuwa da ƙafa ɗaya kaɗai za a yanke hukunci, cikin mutum uku za a yi kuskure kan ɗaya. Kuma ba a tsara shi don wanda ya haura shekara 65 ba, ko mai ciwon baya, ƙafa ko kunne.

Na'urar busawa, alkotes, wadda Robert Borkenstein ya ƙera a 1954, ita ta warware rikicin giya. Mu kuwa a nan, tsakanin Gazawa, Tasawa da Maijirgi, ko a hanyoyin rairayi na Kanambakashe da Urafan, giya ba ita ce babbar damuwarmu ba. Wanda ya haɗiye tramol uku zai busa alkotes ta nuna sifiri, ya wuce abinsa da fasinja.

Tramadol sunanta na asali. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa ta a 1962, ta shiga kasuwa a 1977, kuma maganin ciwo ne na gaske mai amfani in lokotoro ya rubuta a ordonas. Kafso na asibiti miligiram 50 ne, kuma iyakar abin da aka yarda baligi ya sha a yini miligiram 400. Wadda ke yawo a tiren masu talla kuwa akwai ta 120, 200, 225 har 250. Guda biyu na 225 sun riga sun wuce iyakar yini. Takardar da ke cikin kwalin ta asibiti ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa tashin zuciya da jiri su ne illolin da suka fi yawa, suna kama fiye da mutum ɗaya cikin goma, kuma wannan a kan ƙa'idar likita ne. In aka zarce sai gyangyaɗi, sai farfaɗiya, wadda da yawanmu mun ga ta kayar da saurayi lafiyayye a tsakiyar kasuwa aka ce iska ce.

Bari mu ɗan ratse. A 2013 wasu masana na Faransa suka yi shelar sun gano tramadol a saiwar tafashiya a Kamaru, aka yi ta murna cewa ashe itacen gida ne ke haifar da ita. Shekara ɗaya bayan haka masana na Dortmund a Jamus suka bi sawu, suka nuna cewa a arewa mai nisa ta Kamaru manoma na sha, suna kuma ba shanun aiki, fitsari na sauka ƙasa, saiwa na tsotsa. Wanda ya san abin da ake ba shanun amalanke a wasu ƙauyukanmu ranar kasuwa ba zai yi mamaki ba.

Indiya, inda akasarin ƙwayar ke fitowa, ta sa ta cikin dokar miyagun ƙwayoyi a 2018, shekarar da Najeriya ta hana sirop mai kodin. A nan gida OCRTIS da duwan na kamawa ana ƙonawa. Amma kasuwa ba ta barci: sai ga tapentadol haɗe da carisoprodol, mai sassauta tsoka, a fakiti mai kama da na da, wanda binciken BBC na Fabrairu 2025 ya bankaɗo hanyarsa daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma. Maganin da aikinsa shi ne ya saki tsoka, a jikin mai riƙe da kan babur cikin rairayin Gulbin Kaba!

Wanda ke ganin tsoro ne kawai irin na ƴan lakwal, ya dubi masu tseren keke na Turai. Su ma don kashe ciwo da gajiya suke shan ta, daidai da dalilin ɗan kabu-kabu da mai noman ƙwadago. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana ta daga 1 ga Maris 2019, kuma babban dalilin da ta bayar shi ne jiri, gyangyaɗi da raguwar natsuwa, abubuwan da ke kayar da mutum cikin ayarin kekuna. A 2022 aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a gasar zagayen Faransa saboda ita, kuma daga 1 ga Janairu 2024 hukumar AMA ta haramta ta lokacin gasa a dukan wasanni. Mu da muke da kokowa mun fi kowa sanin darajar ƙafa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maradi ya ɗauki na farko, ƙarfi bai taɓa isar ɗan kokowa ba in ƙafarsa ta makara da ƙiftawar ido ɗaya. Ƙwaya na ɗauke jin gajiya, shi ya sa mai sha ke jin ya ƙara ƙarfi. Saurin da ƙwaƙwalwa ke maido da jiki tsakiya kuwa, wannan ba a jin sa, sai dai a auna.

Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da aka fi aunawa ta wannan fuska ita ce diyazefam, wadda samari ke kira D5, tsoffi kuma ke saya don barci. A 1963 ta fito da sunan Valium. A 1982 James O'Hanlon da abokan aikinsa a Holan suka ɗauke awon daga ɗaki suka kai shi kan kwalta, suka nuna miligiram 10 na sa mota ta riƙa lilo tsakanin layukan hanya. Daga nan aka samu gwajin da ake yi har yau: direba ya yi kilomita 100 a kan gudun 95, na'ura na bin yadda motar ke kaucewa hagu da dama. Ma'aunin da ake kwatantawa da shi santimita 2,4 ne, wato ƙarin lilon da giya ke kawowa in ta kai giram 0,5 a litar jini, iyakar dokar ƙasashe da yawa. Santimita biyu da ɗan ɗori, bai kai faɗin yatsa biyu ba. Magungunan barci da dama sun wuce wannan da safe, bayan an sha su da dare, kuma an sha ganin direban ya sauko yana cewa tuƙinsa lafiya lau. Diyazefam na daɗewa: rabinta kan ɗauki yini ɗaya zuwa biyu kafin ya bar jini, abin da hanta ke juya ta zuwa gare shi ya fi haka daɗewa.

Sakamakon irin waɗannan awo ne kuke gani a kwalin maganin da ya fito daga Faransa: ƴar mota cikin zane mai kusurwa uku. Tun 2005 aka raba shi hawa uku. Rawaya, a yi hattara. Ruwan lemo, kada a tuƙa sai da shawarar ma'aikacin lafiya, nan tramadol take. Ja, kada a tuƙa sam, kuma a 2017 aka mai da diyazefam da ƴan uwanta can. Sai dai wanda ya sayi ƙwaya biyu a ƙullin leda bai taɓa ganin kwalin ba.

Yanzu ga ɗaya gefen, wanda muke ganin an fi zalunta a cikinsa. Ba duk mai tangaɗi ne ɗan ƙwaya ba. Kowa ya san kinin, yadda take sa kunne ƙara da juwa, amma wannan na wucewa in an gama. Akwai allurai da nasu ba ya wucewa. Streptomisin, da aka gano a 1943, ita ce maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka, kuma tana iya kashe ƴan gashin can cikin kunne masu auna motsin kai. A 1952 wani likita a Amurka, John Crawford, ya rubuta abin da ya same shi bayan an yi masa ita. Kwance a gado, bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya sa rubutun littafi ya riƙa tsalle, sai ya maƙale kansa tsakanin ƙarafunan gado sannan ya iya karatu. In yana tafiya ba ya gane fuskar mai zuwa, sai ya tsaya cak. Cikin duhu kuwa abin ya fi muni. Shekaru da yawa wanda tarin fuka ya dawo masa a ƙasashenmu yana karɓar wannan allura wata biyu cur, har OMS ta ce a bar wannan tsari a 2017. Ƙanwarta jantamisin tana nan ana yi, magani ne mai ceton rai, amma in aka daɗe a kai ko ƙoda ba ta da ƙarfi tana iya yin irin wannan ɓarna. Mutum nawa ne ya warke daga tari ya dawo gari yana layi da magariba, aka bi shi da zunɗe?

Haka tsoffi. Inna ta sha D5 don barci ya ƙi, ko an ƙara mata maganin hawan jini da ke sa jini ya sauka in ta miƙe da sauri. Da asuba ta tashi alwala, ba fitila, ga rairayi mai nutsewa ƙarƙashin ƙafa. Duhu ya ɗauke ido, rairayi ya rikita tafin ƙafa, magani ya rage saurin ƙwaƙwalwa. Ba ta sani ba, ta shiga gwajin da ya fi na Romberg tsanani, kuma babu wanda ke tsaye kusa don ya tare ta. Karayar ƙugu ga mai shekara 70, daga ƙauyen da ke bayan Sarkin Hausa ko Gidan Amumun, a kan amalanke zuwa Mayahi sannan Maradi, kun san yadda takan ƙare. Ga kuma masu tsayawa a bakin rijiyoyinmu masu zurfi suna jan guga, da magina a kan katanga, da masu hawan goruba.

Faranti irin na Faransawa ya yi arha yanzu, har wayar salula na da abin auna motsi a cikinta da masu bincike ke ɗaura ma mutum a ƙugu. Amma a ra'ayinmu ba sai mun jira na'ura ba. Abin da Romberg ya bari ba ya cin lantarki ba ya cin dala. A cire takalmi, a tsaya a daɓe mai tauri, a haɗa ƙafafu, hannuwa a gefe. Sakan 30 ido buɗe, sakan 30 ido rufe, ma'aikacin lafiya na tsaye dab da mutum. In ya buɗe ido don tsoro, ko ya ɗaga ƙafa don ya tare kansa, a rubuta sakan nawa ya kai. Amfaninsa ya fi fitowa in an yi shi sau biyu, kafin a fara maganin da bayan kwana bakwai, don a kwatanta mutum da kansa ba da wani ba. Ba zai faɗi sunan ƙwayar ba, ba zai zama hujjar kama kowa ba, kuma wanda ya ci shi ba a ce ya dace da tuƙi ba, tunda mun ga abin da ido ke kasa gani.

Wanda ake ma allura ya ga duniya na tsalle in yana tafiya, ko kunnensa ya fara ƙara, ya gaya ma majo a ranar, kada ya jira a gama, kada kuma ya yanke maganin da kansa, musamman na tarin fuka. Mai kai tsohuwa ko tsoho CSI ya haɗa duk ƙwayoyin da ke ɗakin cikin leda ɗaya ya tafi da su, har da waɗanda aka saya wurin mai tire, ya kuma ce ma majo a gwada tsayuwar.